Lauyan wanda aka kama da ƙwaya ba abokin ɓarna ba ne

Da zarar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta jera samari gaban kyamara, ga buhunan wiwi da katan-katan na tramadol a gabansu, sai jama'a su yanke hukunci: an kama shi da kaya, me ya rage? Lauyan da ya tashi ya tambayi yadda aka yi binciken kuwa, sai a ce kuɗin haram yake ci. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma talaka ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Na san ɓarnar da ƙwaya ta yi mana. Amma "an same shi da kaya" magana ce ta wanda ya yi kamen. Wa ya buɗe jakar? A gaban wa? Ɗakin da aka fasa ƙarfe ukun dare, mutum nawa ke kwana a cikinsa? A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba a Saudiyya saboda tramadol da aka samu cikin jakar da ke ɗauke da sunanta. Bincike ya nuna wasu ma'aikatan filin jirgin Malam Aminu Kano ne suka liƙa sunan, sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Da an bi masu cewa kaya ya isa hujja, a ƙasar da ke yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, ai sai dai addu'a.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidan kowa, na 36 ya ce mutum marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. A Amurka, tun shari'ar Mapp ta 1961, kotunan jihohi ke watsi da abin da aka samo ta haramtaccen bincike. Namu tsarin ya fi haka sassauci ga jami'i: sashe na 14 da 15 na dokar shaida ta 2011 sun bar alƙali ya auna, ya karɓi hujjar ko da an keta ƙa'ida wajen samo ta. To idan doka ta sakar wa mai kame igiya haka, wa ya rage da zai sa shi ya rantse ya yi bayani in ba lauya ba?

Dillalin gaske ba ya rasa babban lauya, komai zagin da muka yi wa lauyoyi. Ɗan acaɓan da aka ba saƙo a tasha bai san abin da ke ciki ba, shi ne zaginmu ke barin sa shi kaɗai gaban Babbar Kotun Tarayya.