A Koya Mana Faɗuwa Kafin Gudu

'Yan'uwa ɗalibai, duk mai bin titunan Kano da la'asar ya san samarin nan masu takalmi mai taya. Sai ka ga saurayi ya cafke bayan a-daidaita-sahu, ya duƙa, yana ratsa motoci kamar wanda ya ajiye wani rai a gida. Manya kan yi tsaki su ce shashanci ne. Mu kuwa da muka tsaya muka duba, ɗalibai muka gani marasa malami.

Shi wannan takalmi, watau mai tayu huɗu a layi ɗaya, asalinsa na atisaye ne. Wajen 1980 wasu 'yan'uwa biyu a Jihar Minesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, masu wasan hoki a kan ƙanƙara, suka gyara wani tsohon samfuri domin su riƙa motsa jiki in ƙanƙara ta narke. Daga nan kamfanin Rollerblade ya samo tushe. A ƙasashen da wasan ya zauna akan buɗe sansani na 'yan kwanaki musamman don manya, darasin farko kuwa faɗuwa ce. A kan ciyawa ake somawa. A koya maka lanƙwasa gwiwa, ka faɗi ta gaba bisa kariyar gwiwa da ta hannu, ga hular kwano a ka, kada ka tafi ta baya ka dafe ƙasa da tafi, domin wuyan hannu shi ya fi karyewa a wasan nan. Sa'an nan a koya maka tashi, sa'an nan birki, wanda galibi ke diddigen ƙafar dama. Gudu shi ne na ƙarshe, alhali kuwa samarinmu da shi suke farawa. Wani abokin karatunmu ɗan Kiru ya ari takalmin a hutun bara, ya hau gangara bai ko san inda birkin yake ba. Da hannun dama a ɗaure ya komo makaranta, ga jarrabawa ta matso.

Saboda haka muke roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya sansanin mako guda a dogon hutu, a can Kudancin Kano inda yawancinmu masu wannan magana muka fito. Marigayi Audu Bako, wanda a zamaninsa aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ya gina masaukai a Tiga da Bagauda don mutanen birni su fita su sha iska. Na Bagauda daga baya ya zama makarantar horar da lauyoyi. Mu abin da muke nema bai kai otal ba. Daɓen siminti mai faɗi a wata makarantar kwana a ƙasar Bebeji ko Tudun Wada ya isa, tun da ɗakunan kwana na nan a rufe lokacin hutu, muddin dai an yi nesa da manyan motocin Kwanar Ɗangora. Gangaren Doguwa da Riruwai kuwa a bar su sai ƙafa ta zauna. 'Yan'uwanmu mata a ware musu lokacinsu da mai koya musu mace.

Za a ce kuɗi, kuma gaskiya ne, ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ba ya sayen takalmi mai taya. To, ai ba sai kowa ya mallaki nasa ba. Ƙungiya ta sayi 'yan kaɗan a riƙa karɓa-karɓa.

Babban cikas dai kunya ce. Mun yi gemu, mun shiga jami'a, ƙauye na kallonmu a matsayin manyan gobe, yaya za a gan mu warwas a ƙasa yara na dariya? Amma da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, dattawa masu jikoki sun zauna a kan benci suna koyon a, ba, ca, girmansu bai zube ba. Su suka tabbatar mana gemu ba ya hana ilimi.

Za mu kai shawarar nan zaman majalisar ɗalibai mai zuwa. Muna so sunayen 'yan ajin ƙarshe da shugabannin ƙungiya su zo a kan gaba a takardar rajista, shi kuwa Shugaba shi zai fara ɗaura takalmin a gaban kowa.