Daɓen hunturu da gidajen da masu su ke nesa

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, duk wanda ya zaga Jambutu, Damare ko Yolde Pate zai ga tulin yashi a ƙofar gidaje, da kwalayen tayil jingine da bango. Ruwan Binuwai ya ja baya, tifofi na ɗebo yashi daga bakin kogi, leburori sun gama girbi sun dawo gari, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Yola kuma bai iso ba. Lokacin gyaran daɓe ke nan, ban ga laifin lokacin ba. Yadda ake aikin ne ke damuna, musamman a gidajen da masu su ke Abuja, Kaduna ko Legas, ba sa kwana ciki sai da Sallah ko hutun ƙarshen shekara.

Irin wannan gida yakan yi damina a kulle. Ba mai buɗe taga, ba mai lura da gara. In kuma yana ƙasa-ƙasa, ruwa ya riga ya kwana a falonsa: a 2012 da 2022 lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ko a Yulin 2025 da ambaliya ta ci unguwar Shagari da Yolde Pate. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare ruwan Lagdo har yau magana ce a bakin 'yan siyasa. Saboda haka mai gida ya san ruwa zai dawo. Amma me yakan yi? Ya turo kuɗi ta waya, ya ce wa ƙanensa a sa tayil mai sheƙi kafin ya zo, a turo masa hoto ta WhatsApp.

Hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashi, alhali can ne aikin yake. Ƙasar laka ta kwarin Binuwai tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta tsattsage da rani, daɓen da ke kanta kuwa dole ya bi ta. Shi ya sa za ka taka tayil ka ji yana amsawa kamar ganga. Magini na kirki zai ce a fasa tsohon daɓe, a bar ƙasa ta sha iska, a yi ciko da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana dannewa, a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi hawa, sannan a zuba kankare: kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. In hali ya yi, a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tsawo. Duk wannan ba ya fitowa a hoto, don haka shi ake fara yankewa idan kuɗi suka gaza.

Sai kuma iskar hunturu kanta. Mutane da yawa sun ɗauka siminti bushewa yake ya yi ƙarfi, har suna murna da busasshiyar iska. Ba haka ba ne. Da ruwa yake haɗuwa ya ƙanƙame, kuma iskar nan tana zuƙe ruwan saman kankare tun bai kama jikinsa ba. Sakamakon shi ne tsage-tsage sirara da saman da ke zubar da gari in an share. Maganin ba tsada: a rufe da buhuna jiƙaƙƙu ko leda, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. To amma wa zai tsaya? Birkila ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani aikin, ƙanen mai gida yana ganin sayen ruwa wajen mai kura asara ce.

Iyayenmu mata da ke yin daɓen gargajiya sun fi mu haƙuri a nan. Sukan taru da madaɓai, su zuba tsakuwa, su yi ta bugu suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ba a kuma shiga ɗakin sai ya kama. Ba cewa nake a koma can ba. Wanda ya taɓa share daɓen ƙasa bayan ambaliya ba zai yi marmarinsa ba. Amma matar ɗakin tana wurin daga farko har ƙarshe, ita ce ke cewa ga inda bai daɓu ba.

Shawarata ga mai gidan da ke nesa ita ce ya raba aikin biyu. Bana a yi ciko da leda da kankare, ya ware kuɗin ruwa dabam, ya biya wani takamaimai ladan shayar da daɓen, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin birkila sai bayan mako guda. Tayil ya jira baɗi, bayan damina ta gwada aikin. Baƙin Sallah za su iya zama a kan darduma bisa siminti tsirara na shekara ɗaya.