Maganar 'Yan Kwandam: A Yi Musu Doka, Kada A Kore Su

Akwai wata magana wadda ta daɗe tana zuwa zauren Liman, kowane zuwa kuwa sai ta koma ba a yanke ta ba. Watau maganar masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda a nan Ankara muke kira 'yan kwandam saboda kiran da suke yi cikin lunguna, a Kano kuwa ana ce da su 'yan jari bola.

Kwanan baya wata tsohuwa ta kawo kuka. Mai gidan da take haya ya ba waɗansu samari filin bayan ɗakinta, sun cika shi da matattun firji da batura da tarin waya. In dare ya raba sai su cinna wa wayar wuta, hayaƙi ya shiga ta taga, jikanta ya kwana yana tari. Ba a yi kwana uku ba sai ga samarin su ma sun zo, suka ce ana yi musu barazanar kora, alhali ba su saci na kowa ba, kuma da wannan sana'a suke aika wa iyayensu abinci a arewa. Muka duba, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da babu shi ne ƙa'idar da za a shimfiɗa a gabansu a ce ga iyakar kowa.

Wanda yake so ya gane yadda abin ya iso ƙofar gidajenmu, sai ya tuna da Agbogbloshie. Shekara da shekaru can ne babbar matattarar wannan sana'a, a bakin rafin Odaw kusa da tafkin Korle. Yawancin ma'aikatan wurin 'yan'uwanmu ne Dagwamba daga wajen Tamale da Yendi. Suna fasa tsohuwar mota da talabijin da kwamfuta, su ware jan ƙarfe dabam, baƙin ƙarfe dabam. Don su fid da jan ƙarfe daga cikin roba, sai su ƙona wayar da tsohuwar taya da soson cikin firji. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san baƙin hayaƙin nan. A 2013 wata ƙungiyar Amurka mai suna Blacksmith Institute ta sa wurin cikin wurare goma mafiya guba a duniya. A 2019 kuma masu bincike suka auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka tarar ƙwai ɗaya tak yana ɗauke da gubar nan da ake kira dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jikin babban mutum yana iya ɗauka a yini. To, wa zai ce a bar wuri irin wannan yadda yake? Mu dai ba mu faɗa ba.

Amma dubi yadda aka yi. Ran 1 ga watan Yuli, 2021, Ministan Jihar Ankara na lokacin, Henry Quartey, ya sa aka shiga da katafila da 'yan sanda da soja aka baje wurin. Masu albasa aka mai da su Adjen Kotoku, su dai an nuna musu kasuwa. Masu ƙarfe kuwa, maganar da aka yi ta yi ita ce su koma Teacher Mante, can kan hanyar Kumasi bayan an wuce Nsawam. Mai tura baro yana yawon lunguna, yaya zai kai kayansa can kowace yamma? Ribarsa duka ba ta biyan kuɗin mota. Saboda haka sana'a ba ta mutu ba, watsewa ta yi. Waɗansu suka kutsa cikin Old Fadama, waɗansu suka nemi kango da bayan gida a unguwanni irin namu. Wutar da dā ake hurawa a fili guda, inda kowa yana ganinta, yanzu ana hura ta a ɓoye kusa da tukunyar mai koko. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Cikin dukan kayan nan, wanda ya fi ba mu tsoro shi ne batirin mota. Cikinsa akwai dalma da ruwan batir mai cin fata. Mai fasa shi yakan tuntsurar da ruwan a ƙasa ko cikin gwata, sa'an nan ya narkar da dalmar a kan wuta. Ƙurarta ba ta da wari, ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasa har bayan an tashi daga wurin da shekaru. Yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki, shi ke nan ta shiga jininsa. Likitoci sun ce babu wani gwargwado nata, kome ƙanƙantarsa, da ba ya cutar da yaro, kuma ƙwaƙwalwa take fara taɓawa. Mu da muka tashi a makarantar allo mun san yaron da za a biya masa karatu sau ashirin bai riƙe ba, a ce masa daƙiƙi, a sa masa bulala. Watakila wani cikinsu ba laifinsa ba ne. A Thiaroye, bakin birnin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, domin iyayensu mata suna tankaɗe ƙasar inda aka daɗe ana fasa batura don su sayar da dalmar. Wanda ya ji labarin Zamfara na 2010, inda yara wajen 400 suka rasu, ai gubar guda ce, sai dai can daga dutsen zinariya ta fito. Allah ya jiƙansu.

Sauran illolin kowa ya san su. Tsohuwar taya tana tara ruwan sama, sauro ya yi ƙwai. Tukunyar gas da aka ce ta mutu wani lokaci da sauran numfashi a cikinta, ga kuma ɗakunanmu na katako a manne da juna. Ɓawon talabijin da soson firji, da yake ba mai sayensu, gwata ake jefa su, gwatar Nima kuwa Odaw take zubawa. Ba mu manta da daren 3 ga watan Yuni, 2015 ba, sa'ad da ruwa ya rasa hanya, wuta ta tashi a gidan mai na Circle, mutum fiye da 150 suka halaka.

Duk da haka muna cewa kada a kore su. Ba domin tausayi kaɗai ba. Ƙarfen da suke tarawa shi ne masana'antun Tema ke narkarwa su yi rodin gini, har Gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe ƙasashen waje a 2013 don kada masana'antun su rasa. In babu 'yan kwandam, matattun firjin Ankara ina za su? Gwata. Kuma saurayin da aka raba da baronsa, wace sana'a aka tanada masa?

Abin da muke nema doka ce ta gida. Majalisar Dokoki ta yi doka lamba 917 a 2016 a kan shara mai guba da matattun kayan lantarki, amma doka irin wannan daga sama take kallo, ba ta san lungun da ke bayan makarantarmu ba. Asambli ita ta sani, kuma dokar mulkin gundumomi ta 2016, lamba 936, ta ba ta ikon kafa ƙa'idodin yankinta. To, ta yi amfani da shi mana. Duk mai tara ƙarfe ya yanki lasin, a san sunansa da wurinsa, kuɗin lasin kuma ya zama wanda talaka zai iya biya, gama in ya yi tsada ɓuya za su ƙara yi. A keɓe musu fili cikin gari wanda baro zai iya kaiwa, da katanga da daɓen siminti da famfo, nesa da makaranta da masu sayar da abinci. Ƙona waya da fasa batir cikin unguwa kuwa a hana su ƙwaf, ba sassauci. Ba tilas ne a ƙona waya ba, tun 2014 aka kawo injunan feɗe ta Agbogbloshie, ko da yake sirarar waya ta gagare su. Ita siririyar a tara ta a sayar wa masu injin niƙa ta. Yaro ɗan makaranta kada a gan shi da guduma a wurin.

Akwai abu guda wanda su 'yan ƙarfen ba sa son ji, amma za mu faɗa. Kowane dillali ya ajiye littafi, ya rubuta wanda ya kawo masa kaya da abin da ya kawo. Murfin gwata da kan famfo da wayar lantarki ba su da ƙafa. Mu kanmu sau biyu ana kwance mana kawunan famfon alwala. Ba mu ce masu baro ne suka ɗauka ba, amma ɓarawo ba ya satar abin da ba shi da mai saye. Littafin nan shi ne zai wanke mai gaskiya ran da 'yan sanda suka zo.

Iyayenmu suna ba mu labarin saman-saman na zamanin Turawa, masu leƙa randa su ga ko akwai 'ya'yan sauro, su kai mace kotu a kan haka. An ƙi su ƙwarai, an yi ta yi musu baƙar addu'a. Ba wulaƙancinsu muke so ya dawo ba. Amma abin mamaki ne a ce masu duba-gari na yau suna iya tsare mai waake a kan takardar lafiya, sa'an nan su wuce tulin batura kamar ba su gani ba.

Masu gidaje kuma, kada ku ce wannan tsakanin Hukuma ne da baƙi. Kai ka karɓi kuɗin fili, kai ka san abin da ake yi a cikinsa da dare, jikokinka kuma a ƙasar nan suke wasa. Kafin Asambli ta motsa, kana iya gindaya sharaɗi yau: tarawa da awo an yarda, wuta da batir ba a yarda ba.

Liman ya ce a kira sarakunan Zango da ɗan Asambli na unguwa da shugabannin 'yan ƙarfe da masu gidajen da abin ya shafa, a zauna bayan Juma'a mai zuwa, a rubuta takarda guda da hannun kowa a kai ofishin Asambli. Mata ma su aiko da wakilansu, gama su ne ke kwana da masu tari. Samarin nan kuwa sun yi alkawari a gaban Liman ba za su ƙara hura wuta a bayan ɗakin tsohuwar ba har a yi zaman.