Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Nawa Ne Kuɗinta?

A kowace shekara idan watan Yuni ya zo ƙarshe, kasuwa takan buɗe a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA. 'Yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare sukan sami 'yancin zuwa duk ƙungiyar da suka ga dama, ƙungiyoyi kuma su shiga tayi. A wannan lokaci ne shugabannin ƙungiya sukan gamu da tambaya mai wuya: ga tsohon ɗan wasa wanda ya yi wa ƙungiya hidima shekara da shekaru, ga kuma matashi mai jini a jika, kuɗin kuwa ba zai ishi su biyun ba. Wa za a ɗauka, wa za a bari?

Mu 'yan Nijeriya mun taɓa ɗanɗana ɗacin wannan tambaya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi kakar wasa 17 a Houston Rockets, ya ciyo mata kofin gasar a 1994 da 1995. Amma a 2001, yana da shekara 38, ciniki bai faɗa tsakaninsa da ƙungiyar ba, sai ya koma Toronto, ya yi kaka ɗaya ya ajiye wasa. Masu sonsa da yawa sun ji zafin ganinsa cikin wata riga dabam.

Kafin mu ɗora wa kowa laifi, ya kamata mu san dokar kasuwar. A NBA akwai iyakar albashi, wato adadin kuɗin da aka yanka wa kowace ƙungiya ta biya 'yan wasanta duka a shekara. Akwai hanyoyin da doka ta yarda a wuce iyakar, musamman domin riƙe ɗan wasan da ya daɗe a gida, amma wadda ta yi nisa da yawa sai ta biya tara mai nauyi. Yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta ƙara tsananta abin, gama yanzu ƙungiyar da ta wuce wani mataki na kashe kuɗi takan rasa wasu hanyoyin saye da musayar 'yan wasa. Bugu da ƙari, yawancin kwantiragin NBA tabbatacce ne: ko ɗan wasa ya ji rauni, ko ƙarfinsa ya ragu, dole a biya shi har ƙarshe. Saboda haka kowace dala da aka ba mutum ɗaya, an hana wani ke nan.

Misalin da ya fi nuna wannan a fili shi ne abin da ya faru da Miami Heat a watan Yuli na 2016. A lokacin manyan 'yan wasanta biyu ne kwantiraginsu ya ƙare tare.

Na fari shi ne Dwyane Wade, mai shekara 34. Miami ce ta zaɓe shi a 2003, ya yi mata kaka 13, ya ci kofi uku da ita, a 2006 da 2012 da 2013, shi ne kuma aka zaɓa gwanin wasannin ƙarshe na 2006. A 2010 ya yarda ya karɓi ƙasa da abin da zai iya samu domin a sami wurin kawo LeBron James da Chris Bosh. A 2014 ma ya sake sadaukar da kuɗi masu yawa domin ƙungiya ta sami sarari. Duk da shekarunsa, a kakar 2015 zuwa 2016 ya buga wasa 74, yana cin maki 19 a kowane wasa bisa matsakaici.

Na biyu shi ne Hassan Whiteside, mai shekara 27, dogo mai tsaron ƙarƙashin kwando. Labarinsa na da ban tausayi da ban sha'awa. Ya shiga NBA a 2010 bai yi nasara ba, ya tafi neman abinci har Labanon da ƙasar Sin, kafin Miami ta ɗauko shi a ƙarshen 2014. A kakar da ta gabaci cinikin, shi ne ya fi kowa a gasar tare ƙwallayen abokan hamayya a sama, alhali albashinsa bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Shekarar ta zo da kuɗi mai yawa, domin sabuwar yarjejeniyar talabijin ta sa iyakar albashi ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa miliyan 94. Miami ta fara da Whiteside, ta ba shi dala miliyan 98 na shekara 4. Sa'an nan ta juya tana zawarcin Kevin Durant, wanda daga baya ya zaɓi Golden State. Wade kuwa aka bar shi yana jira. Da aka zo kansa, tayin da aka yi masa kimanin dala miliyan 40 ne na shekara 2. Chicago Bulls, ƙungiyar garin da aka haife shi, ta ba shi kimanin miliyan 47, sai ya tafi. Bayan tafiyarsa Miami ta riƙe wani matashi, Tyler Johnson, mai shekara 24, a kan dala miliyan 50 na shekara 4.

A kan takarda, hukuncin Miami yana da hujja. Mai shekara 27 yana tsakiyar ƙarfinsa, mai shekara 34 kuwa gangara ya kama, Wade kuma ya daɗe yana fama da gwiwa. To, me ya biyo baya?

A kakar farko Whiteside ya fi kowa a gasar kama ƙwallayen da suka kuskure kwando, kimanin 14 a kowane wasa. Amma Miami ta ci wasa 41 ta faɗi 41, ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba. Bosh ma bai sake buga wasa ba saboda ciwon daskarewar jini. Daga nan tauraron Whiteside ya fara dushewa. Salon wasa ya sauya, ana bukatar dogayen da za su iya fita nesa da kwando su bi gajerun 'yan wasa masu sauri, shi kuwa ba nan ƙarfinsa yake ba. A wasannin fitar da gwani na 2018 da Philadelphia ya fi zama a benci. A 2019 aka miƙa shi Portland cikin musayar da ta kawo Jimmy Butler. Tyler Johnson ma a wannan shekara aka tura shi Phoenix. Babu ɗayansu da ya cika shekarun kwantiraginsa a Miami.

Wade shi ma bai ji daɗin fita ba. Kaka ɗaya ya yi a Chicago, aka raba gari a 2017, ya koma Cleveland, sa'an nan a watan Fabrairu na 2018 aka maido shi Miami, inda ya ajiye wasa a 2019. Ba mu ce da an riƙe shi da Miami ta ci kofi ba. Ƙarfinsa ya riga ya ragu, kowa ya gani. Abin da muke cewa shi ne, tazarar da ta raba su kimanin dala miliyan 7 ce, a shekarar da ƙungiyar ta raba kusan miliyan 150 ga matasa biyu waɗanda ba su daɗe ba.

Abin mamaki, matashin da ya zama makomar Miami ba a kasuwar masu 'yanci aka samo shi ba. Rashin shiga wasannin fitar da gwani a 2017 ne ya ba ta damar zaɓe na 14 a cikin sababbin 'yan wasa, ta ɗauki Bam Adebayo, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Albashinsa na farko kaɗan ne idan aka gwada da na Whiteside, amma shi ne ya ƙwace masa gurbi, da shi da Butler kuma Miami ta kai wasannin ƙarshe a 2020 da 2023.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a riƙa biyan tsoho ko nawa ya nema. Akwai misalai a ɗaya gefen. A 2013 Los Angeles Lakers ta ba Kobe Bryant, mai shekara 35, dala miliyan 48 da rabi na shekara 2, alhali bai gama warkewa daga tsinkewar jijiyar agara ba. A kakanni biyun da kwantiragin ya shafa, Lakers ta ci wasa 21, sa'an nan 17, cikin 82. An girmama gwarzo, amma ƙungiya ta sha wuya.

Na kusa-kusa shi ne na Paul George a 2024. Yana da shekara 34, Los Angeles Clippers ta ƙi ba shi abin da ya nema, Philadelphia ta ɗauke shi a kan kimanin dala miliyan 212 na shekara 4. Clippers ta raba kuɗin ga 'yan wasa da dama masu sauƙin farashi, ciki har da Derrick Jones Jr. mai shekara 27, ta kuwa ci wasa 50 a kakar 2024 zuwa 2025. George ya buga wasa 41 kaɗai saboda rauni, Philadelphia ta ci 24. Gaskiya ne raunin Joel Embiid ya taimaka wajen wannan faɗuwa, amma kwantiragin George zai kai shi kusan shekara 38, kuma dole a biya.

Idan muka jera waɗannan misalai, za mu ga shekaru kaɗai ba su isa a yanke hukunci da su ba. Miami ta ɗauki matashi ta yi hasara, Philadelphia ta ɗauki tsoho ta sha wuya a kakar farko. A ganinmu abubuwa uku ne ya kamata a auna.

Na ɗaya shi ne tsawon kwantiragi. Albashi na aikin da za a yi ne gaba, ba ladan abin da ya wuce ba. Tsoho a shekara 1 ko 2 haɗarinsa kaɗan ne, gama ko ya gaza za a rabu da wuri. Wade shekara 2 aka yi maganarsu, George kuwa 4. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Na biyu shi ne yawan shaida. An daɗe ana kallon tsoho, an san halinsa a ranar nasara da ranar faɗuwa. Whiteside kuwa bai cika kaka biyu yana haskawa ba sa'ad da aka ɗora masa miliyan 98. Sayen matashi a kan ɗan gajeren tarihi cinikin biri a sama ne. Ƙuruciya tana ba da ƙarfin ƙafa, amma ba ta tabbatar da cewa mutum zai ci gaba da koyo idan kiɗa ya sauya.

Na uku shi ne yadda ake magana da mutum. Wade ya faɗa a fili cewa shugaban ƙungiyar, Pat Riley, bai kira shi ba a lokacin cinikin, Riley kuma ya nuna nadamar rashin shiga maganar da kansa. Mutumin da ya rage albashinsa har sau biyu domin gida, sa'an nan ya ga an fara da wasu an bar shi a ƙofa, ba kuɗi kaɗai yake lissafawa ba. Dubi abin da ya faru a San Antonio Spurs: a 2012 Tim Duncan, yana da shekara 36, ya yarda albashinsa ya ragu da fiye da rabi, ƙungiya ta riƙe abokan wasansa, suka kai wasannin ƙarshe a 2013, suka ci kofi a 2014 tare da matashi Kawhi Leonard. Tsoho zai iya karɓar kaɗan idan ya ga an faɗa masa gaskiya da wuri, ya kuma ga inda ragowar kuɗin za su tafi.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne kuwa. Amma wanda ya sayar da gonarsa domin kwalba ɗaya ya yi wauta, haka ma wanda ya zubar da ita domin ya ga sabuwar saƙa. Ƙungiya tana da ikon ta ce wa tsohon gwarzonta, ga iyakar abin da za mu iya. Abin da ake nema a gare ta shi ne ta faɗa masa da bakinta, da wuri, kafin ya ji a rediyo.

Miami ta gyara abin da za ta iya gyarawa. Ta jingine riga mai lamba 3 a 2020 domin kada wani ya sake sa ta, a 2024 kuma ta kafa mutum-mutumin Wade a ƙofar filin wasanta. Wannan duk ya yi kyau. Sai dai kaka ɗaya da rabi da ya yi a waje tana nan a cikin tarihinsa, kuma da kiran waya ɗaya da 'yan miliyoyi kaɗan da an kauce mata. Idan kasuwa ta sake buɗewa a ƙarshen watan Yuni, 'yan'uwa, mu lura da shekarun da aka rubuta a kwantiragi, da kuma wanda aka fara kira.