Taswirar Gayya: Masu Suna Da Yawa, Masu Noma Kaɗan

Duk wanda ya taɓa halartar aikin gayya ya san ba duk wanda ya zo gona ne yake kama fartanya ba. Wani kiɗan gangar noma ya kawo shi, wani kuwa fura. To, ashe haka al'amarin yake har a wata gayya ta zamani da ake yi a intanet, watau zanen taswirar duniya wadda ake kira OpenStreetMap.

Wani Bature mutumin Ingila, Steve Coast, shi ya kafa wannan aiki a shekara ta 2004, domin a sami taswirar da kowa zai iya zanawa, kowa kuma ya yi amfani da ita kyauta. Mutum yakan yi rajista, sa'an nan ya dubi hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama, ya zana hanya ko gida ko rafi, ya sa musu suna. Duk abin da aka zana, na'ura tana rubuta wanda ya yi shi da ranar da ya yi. Saboda haka masana lissafi suka sami damar ƙidaya aikin kowa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ya yiwuwa a gonar gayya.

A shekara ta 2012 wasu masana biyu na Jami'ar Heidelberg ta ƙasar Jamus, Pascal Neis da Alexander Zipf, suka buga sakamakon irin wannan ƙidaya. A lokacin masu rajista sun kai kimanin 500,000, amma kashi 38 daga cikin 100 ne kaɗai suka taɓa zana ko da ɗigo guda. Waɗanda suka duƙufa da gaske kuwa ba su wuce kashi 5 daga cikin 100 ba, watau mutum kimanin 24,000. Masu rajista sun cika miliyan ɗaya a 2013, daga baya har suka haura miliyan 10, amma mai hankali ba zai ruɗu da yawan sunaye ba, don taron tsintsiya ba shi ne shara ba.

Wannan bai sa aikin ya lalace ba. Shaihun malami Muki Haklay na Landan ya gwada taswirar da ta hukumar safiyo ta Ingila, ya buga bincikensa a 2010, inda ya tarar bambancin da ke tsakaninsu wajen daidaita wuri, a matsakaici, bai wuce kimanin mita 6 ba. Lalle mutane kaɗan ɗin nan sun san aikinsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zaman waɗannan mutane. Binciken Heidelberg ya nuna kashi 72 daga cikin 100 nasu a Turai suke. Mutum kuwa unguwarsu yake fara zanawa, da hanyar da yake bi zuwa wurin aiki. Ko a cikin Ingila kanta, Haklay ya lura unguwannin talakawa ba su sami kula kamar na masu hali ba. In haka ya faru a can, ina ga ƙauyukan Afirka, inda intanet take da tsada, wutar lantarki kuma ba ta tsayawa?

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Ran 12 ga watan Janairu na 2010 girgizar ƙasa ta rugurguza Port-au-Prince, babban birnin Haiti, masu kai agaji suka rasa taswirar kirki, sai da 'yan sa kai kimanin 600 suka zana birnin daga nesa cikin 'yan makonni. Haka aka sake yi a 2014, sa'ad da cutar Ebola ta ɓulla a yankin Gekedu na ƙasar Gini. Garin da ba ya cikin taswira, motar magani tana iya wuce shi ba a sani ba.

Amma taimakon nesa yana da iyaka. Wanda ke zaune a Jamus yana iya ganin rufin ɗaki a hoto, amma ba zai san ko makaranta ce ko ɗakin shan magani ba, balle ya san sunan unguwa, ko rijiyar da ta ƙafe, ko hanyar da ruwa ke yankewa da damina. Baƙo ko da ido makaho ne. Shi ya sa shirin Missing Maps, wanda aka kafa a 2014, ya raba aikin: na nesa su zana, 'yan gari su bi ƙafa da ƙafa su sa sunaye.

Darasin da ke cikin alƙaluman nan yana da ɗaci, yana kuma da daɗi. Tun da 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da nauyin gayyar, ke nan ba sai an tara dubbai ba kafin gari ya shiga taswira. Ɗalibai kaɗan masu naci, da malamin labarin ƙasa guda mai kishin garinsu, sun isa su zana ƙaramar hukuma, su kuma riƙa gyara ta duk shekara. Ya kamata jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan su dubi wannan, domin wanda bai zana garinsu ba, baƙo ne zai zana masa, ko kuwa a bar wurin fari fat kamar ba kowa.