Filin Sana'o'inmu: Hujin Ƙarfe Ba a Yi Masa Gaggawa

Ƙasar Mubi ta daɗe da sanin ƙarfe. A arewa da ita, cikin duwatsun Mandara, akwai Sukur, wadda ta yi suna wajen narkar da tama, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Duk da haka, abin da ke raba gwanin maƙeri da ɗan koyo a yau bai wuce hujin da ƙusa za ta shiga ba.

A ɗauki garmar shanu. Idan hujin da ke riƙe bakinta ya yi faɗi, ko ya kauce, sai ƙusar ta riƙa wasa a ciki har ta karye ana tsakiyar huɗa. Manomi ya yi asarar kwanakin da ruwa ba zai jira shi ba.

Gwanaye sun san cewa aikin yana farawa tun kafin a ɗaga guduma. Da fari a auna, a ja layi biyu su gitta juna, a ɗiga alama da mahuji mai tsini a inda suka haɗu. Kada huji ya matsi baki: tsakanin cibiyarsa da gefen ƙarfen a bar aƙalla faɗinsa ɗaya da rabi, in ba haka ba gefen zai yage. Ƙusa mai kaurin milimita 10 kuwa, hujin milimita 11 ya ishe ta.

Idan kwano ne marar kauri, a ɗora shi kan guntun icce mai tauri, a buga sau ɗaya, a juya a daddale bakin. Mai kauri kuwa sai an sa shi a wuta, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ya yi jawur, a kafa mahuji a buga har ya kusa fita, sa'an nan a juya. Za a ga ɗan tabo mai duhu a bayan. Nan za a buga, ɓallin ya faɗi. A riƙa tsoma mahujin a ruwa don kada bakinsa ya yi laushi. A kuma tuna cewa huji yakan tsuke kaɗan idan ƙarfe ya huce.

Babban huji, sai a jera ƙanana a kewayensa, a sare tsakani, a gyara da magagari mai zagaye.

Kwalejin Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979 aka dawo da ita Mubi a 1982, tana koyar da awo. Maƙeran gari suna da hannu. Ya kamata a haɗa su, domin ƙarfen da aka cire ba ya komawa gurbinsa.