Fasaha Ba Rijiyar Mai Ba Ce

A 'yan shekarun nan wata magana ta yi kaka-gida a bakin masu mulki da masu sharhi, har ta kai duk wanda ya hau mumbarin taron tattalin arziki a Abuja ko Legas ba ya sauka sai ya faɗe ta, wato wai waƙa da fim da ɗinki da sauran ayyukan hikima su ne sabon man fetur na Nijeriya, kuma in aka tsara musu shiri mai dogon zango za su fid da ƙasa daga ƙangin dogara ga ɗanyen mai. A kan wannan aƙida ne gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta keɓe wa al'adu da fasaha ma'aikata sukutum a 2023, ta damƙa ta ga Hannatu Musa Musawa, ma'aikatar kuwa ta shelanta burinta na ganin wannan fanni yana zuba dala biliyan 100 cikin arzikin ƙasa nan da 2030, tare da sama wa mutum miliyan 2 aikin yi. Ban ga aibin keɓe ma'aikata ba, ba na kuma tuhumar niyyar kowa, domin abin da ke cikin zukata Allah kaɗai ya san shi. Abin da nake inkari shi ne ƙiyasin da aka ɗora ginin a kansa, kuma malaman usulu sun daɗe da karantar da mu cewa ƙiyasin da aka yi tsakanin abubuwa biyu da illarsu ta saɓa ɓatacce ne, duk hukuncin da aka ciro daga gare shi kuma ɓatacce.

Shi mai yana kwance a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ba ya bukatar a koya masa komai, ba ya ƙaura, ba ya mutuwa don an manta da shi. Da ba a gano shi a Oloibiri a 1956 ba, da yana nan yana jira har gobe. Hikima kuwa mazauninta hannun mutum ne da ƙirjinsa, tana tafiya ne bisa silsila daga mai gida zuwa yaronsa, kamar yadda karatu ke tafiya daga malami zuwa almajiri, kuma ranar da silsilar ta yanke ko da tsara ɗaya ne, babu injin da zai tono ta. Ibn Khaldun, da ya zo bayanin sana'o'i a Muƙaddimarsa, ya lissafa waƙa a cikin waɗanda ba sa kammala sai gari ya cika ya batse, mutane sun ƙoshi har sun sami rarar da za su kashe wa abin da ya wuce larura, ya kuma lura cewa ita ce ke fara gushewa idan arzikin gari ya juya baya. Idan wannan nazari gaskiya ne, kuma ban ga abin da ya ƙaryata shi ba cikin ƙarni shida, to, masu shirinmu sun sa ƙarshen magana a farkonta, suna jiran mawaƙi ya wadata al'ummar da ita ce ya kamata ta wadata ta ciyar da shi.

Duk mai son ganin abin da nake nufi ya leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda masu tarihi ke danganta kafuwarta ga ƙarshen ƙarni na 15. Zai tarar da dattijo tsugune a bakin karofi, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa, yana barin iska ta buge shi har launin ya juya daga tsanwa-tsanwa zuwa shuɗi, sannan ya sake tsomawa. Haɗin baba da toka da katsi da ke cikin ramin nan ba a rubuce yake ba. Da ido da hanci, wani lokaci har da harshe, marini ke gane ko ruwan ya nuna ko da saura, kuma yaro yakan yi shekaru yana juya muciya kafin a amince masa ya haɗa karofi shi kaɗai. Zai kuma ga ramuka da yawa a bushe, wasu shara ta cike su. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, tufafin da ake saƙawa a rina a wannan ƙasa yana kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, wato abin da yau ake kira fitar da kaya waje mun yi shi tun babu ma'aikata. Abin da ya busar da ramukan nan sanannen abu ne: yadin waje mai araha, da rinin kwalba, da rashin yaran da za su zauna su koyi aikin da ba ya ciyar da mai shi. Ina cikin dala biliyan 100 aka lissafa wannan dattijo?

Amsa ita ce ba a lissafa shi ba, kuma ba za a iya ba, domin ma'aunin da aka zaɓa ba ya ɗaukar irin nauyinsa. Idan aka ce dala ce mizani, to, tilas hankalin hukuma ya karkata ga abin da baƙo zai saya, ya bar abin da ɗan gida ke rayuwa da shi. Mawaƙan Legas da ake kafa hujja da su, irin su Burna Boy da ya ci lambar Grammy a 2021, sun kai inda suka kai ne da guminsu da kuɗin kamfanoni, tun ba a haifi ma'aikatar ba, kuma su ne mafi ƙarancin bukatar taimakonta. Bilhasali shirin zai ƙare ne yana tallafa wa wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa, yana kuma ƙirga nasararsa a matsayin tasa.

Hanyar da aka saba bi ita ma shaida ce. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi shelar asusun dala miliyan 200 domin masu nishaɗantarwa, a 2013 ya ƙara da naira biliyan 3 domin masu fim, a 2019 kuma Babban Bankin Nijeriya ya fito da rancen masu fasaha bisa ruwan da bai wuce kashi 9 cikin ɗari ba, ta hannun bankunan kasuwanci. Banki kuwa ba ya sanin mutum sai da rajistar kamfani da takardar tsarin kasuwanci da jingina. Baduku a Sakkwato, ko maƙerin tagulla a Bida, ko marubuciyar da ke rubuta labari a wayarta bayan yara sun yi barci, jarinsu duka yana cikin kansu da yatsunsu, ba abin da za su ajiye a gaban manaja. Ban da haka akwai jama'a masu yawa a ƙasar nan da addininsu ya hana su kusantar riba ko da kashi ɗaya ce, lamarin da mai tsara shiri domin ƙasa duka bai kamata ya jahilta ba.

Sai kuma son gini, wanda ya zame mana ciwo. An kammala babban ɗakin wasanni na ƙasa a Iganmu a 1976 domin bikin FESTAC na 1977, bisa samfurin wani gini da ke Varna a ƙasar Bulgeriya, aka yi biki na wata guda, aka watse, sannan aka bar shi shekara da shekaru rufinsa na yoyo, har sai da aka miƙa shi ga kwamitin shugabannin bankuna suka gyara, aka raɗa masa sunan Wole Soyinka a 2024. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar kashe naira biliyan 3 wajen gina ƙauyen shirya fina-finai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta Kano, malamai suka yi ca a kan mumbarori, aka janye cikin 'yan kwanaki. Mutum yana iya ganin malamai sun tsananta, yana iya ganin sun yi daidai, amma abin da ba ya karɓar jayayya shi ne an yanke shawarar a Abuja ba tare da an zauna da mutanen da za a kai wa ginin ba, kuma ko da an gina shi, ba zai warkar da cutar da ke cin masu fim a lokacin ba, wato mutuwar kasuwarsu. Halinmu ya yi kama da na mai ƙara wa rumbu tsawo kowace kaka alhali bai leƙa gona ba tun shuka.

Na san za a ce mini, ai ga Koriya ta Kudu, gwamnati ce ta tsara, ga shi waƙoƙinsu da fina-finansu sun cika duniya. Haka ne, amma masu kawo wannan misali sukan fara karatun ne daga shafin ƙarshe. Tun 1962 Koriya ta yi dokar kare kayan al'adunta, wadda a ƙarƙashinta hukuma ke tantance gwanayen kiɗa da rawa da sana'o'in hannu na gargajiya, ta yanka musu alawus, bisa sharaɗin su koyar da magada. A 1984 ta buɗe makarantar koyon shirya fim ta gwamnati. Ta kuma wajabta wa gidajen sinima nuna fina-finan gida kwana 146 a shekara, ba ta rage wannan adadi zuwa rabi ba sai a 2006, bayan masana'antar ta yi ƙarfin da za ta iya kokawa da ta Amurka. Shekaru arba'in na tarbiyyar gwani da tsare masa kasuwar gida ne suka gabaci abin da muke gani yau, kuma wannan shi ne sashen da masu shirinmu ke tsallakewa, domin ba shi da ranar buɗewa da yanka kirtani.

Ba sai mun je nesa ba ma, tarihinmu ya ishe mu. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sami littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina, aka zaunar da shi a Zariya domin ya rubuta Magana Jari Ce. Ba na ɗauke wa Turawan mulki zargi, suna da tasu manufa ta kafa boko a gurbin ajami da horar da ma'aikatan da za su yi musu hidima. Sai dai dubi yadda aikin ya gudana: ofis ƙarami, edita mai zama da marubuci shafi bayan shafi, maɗaba'a, da makarantun da ke sayen abin da aka buga. Yau shekara casa'in ke nan ana karanta littattafan nan, alhali takardun manufofi nawa aka buga a Abuja waɗanda ko masu rubuta su ba sa tuna abin da ke ciki?

Da wancan tsari ya raunana, jama'a ba su zauna jira ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa da matan aure suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, inda su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi suna, a 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na farko na kasuwa da Hausa. Babu kwabon gwamnati a cikin wannan duka. Abin da suka nema daga hukuma abu ɗaya ne, wanda kuma ita kaɗai ke da ikonsa, wato ta hana a sace musu gumi. Ga shi nan a kowace tasha da bakin kasuwa: saurayi a cikin ɗan shago da kwamfuta a kan benci, mutane sun yi layi suna miƙa masa waya, yana tura musu fina-finai goma-goma a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wanda ya sayar da filinsa ya shirya fim ɗin kuwa ko sisi ba zai gani ba. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu fim suka yi hijira zuwa YouTube, inda wani kamfani a Amurka ke yanke musu abin da kallon ɗan Nijeriya ya cancanta. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, madalla, amma doka ba ta zartar da kanta, sai da jami'ai da alƙalai da kuɗin aiki, irin hisbar kasuwa da magabata suka ɗora wa hukuma domin kada mai ƙarfi ya ci haƙƙin mai rauni.

Wani abin takaici ma, a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, aka yi ta murna a jaridu, alhali a wannan shekarar rigimar sarauta ta sa 'yan sanda sun hana hawan Babbar Salla. Shi hawa kuwa ba doki da mahayi kaɗai ba ne; a bayansa akwai baduku mai sirdi da linzami, da maɗinkin riga da alkyabba, da maƙeri, da mai algaita da mai kakaki, waɗanda galibin cinikinsu na shekara ya rataya ne a kan waɗannan 'yan kwanaki. Takardar yabon UNESCO ba ta biya ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kalmar dogon zango ita ma mun san ƙarshenta a ƙasar nan. An yi mana burin 2010 a zamanin Abacha, aka yi na 2020 a zamanin 'Yar'aduwa, yanzu ana maganar 2050, kowanne yana mutuwa tare da kujerar wanda ya kawo shi. Manufar al'adu ta ƙasa ta 1988 ta yi alkawarin asusun tallafa wa masu fasaha, ga shi har yau suna tambayar inda yake. Abin da ya ɗore a gabanmu shi ne asusun ilimi da aka kafa a 1993 bayan gwagwarmayar malaman jami'a, wanda yau ake kira TETFund, kuma sirrin ɗorewarsa shi ne doka ce ta yanka masa kaso daga ribar kamfanoni, ba ya jiran alherin minista. Irin wannan ya kamata Majalisar Tarayya ta yi wa fasaha, ya kasance kamar waƙafi, asalinsa a tsare, amfaninsa yana gudana, ba rance ba ne balle a nemi jingina. Daga cikinsa a biya gwani domin ya riƙe yara masu koyo, a kwafe tsofaffin faya-fayen su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da ke gidajen rediyo kafin zafi da ƙura su cinye su, a sayi littattafan harsunan gida a zuba a makarantu da ɗakunan karatu. A teburin rabon kuma a ajiye kujera ga sarakunan sana'a, su Sarkin Maƙera da Sarkin Dukawa da takwarorinsu na Bida da Benin da Aba, domin su ne suka san gidan da gwani yake da kuma gidan da ba shi da magaji.